Poutine a Kebek: abin da matafiyi zai duba kafin ya sa cokali

Duk wanda tafiya ta kai shi lardin Kebek a Kanada, da wuya ya dawo ba a ce masa ya ɗanɗana poutine ba. Abinci ne na karkara da ya ɓullo a ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau garuruwan Warwick da Drummondville kowanne na cewa daga wurinsa ya fito. Abu uku ne kawai a cikinsa: soyayyen dankalin turawa, ɗanyen cuku mai gudaji-gudaji, sai romo mai kauri da ake kwararawa a kai da zafinsa.

Cukun shi ne ma'auni. Wanda aka yi a ranar, idan ka tauna za ka ji yana ƙara tsakanin haƙora. Da zarar ya kwana a firji sai ƙarar ta tafi. Shi ya sa a shagunan Kebek za ka ga ledojinsa a kan kanta kusa da mai karɓar kuɗi. Idan aka kawo maka poutine da gogaggen cuku wanda ya narke ya bi dankalin, to ba na gaske ba ne. Zafin romon ya kamata ya tausasa gefen gudajin kawai, cikinsa ya tsaya da ƙarfinsa.

Dankalin kuma sau biyu ake soya shi: da farko a mai mai zafin kusan digiri 150 don cikinsa ya nuna, a bar shi ya huce, sannan a mayar da shi a kusan digiri 190 ya yi ƙamas. Wanda aka soya sau ɗaya, romo na taɓa shi zai jiƙe ya lafe. Ko mai kyau ma ba ya jira, don haka a ci nan take da cokali mai yatsu, kada a ɗauka zuwa masauki.

A karon farko ka nemi ƙaramin kwano na asali, ba ƙarin komai, domin yana da nauyi ƙwarai. Musulmi kuma ya tambaya tukuna: da romon wane nama aka yi miyar, da wane mai aka soya dankalin? Wasu wuraren na amfani da kitsen alade ko su barbaɗa namansa a kai. A birnin Montiriyal na lardin Kebek akwai masu yin na halal, akwai kuma mai romon kayan lambu.