Gidajen haya masu tallafi a unguwar masu hali: abin da na ji a taro da abin da bincike ya nuna

A watan jiya aka saka mana takarda a akwatin wasiƙa ana gayyatar mazauna unguwarmu zuwa taro a zauren makarantar firamare, domin a tattauna shawarar da ƙaramar hukuma ta kawo ta gina gidajen haya masu rangwame a wani fili da ya daɗe a yashe. Shekaru da dama ke nan ina zaune da iyalina a wannan unguwa ta bayan gari a Amurka, kuma gidan da muke ciki da bashin banki na shekara 30 muka saye shi, har yau ba mu gama biya ba. Saboda haka na je taron ne a matsayin wanda abin ya shafa kai tsaye, da fargabata a cikina kamar kowa.

Wanda ya fara magana maƙwabcina ne, wani dattijo da ya yi ritaya, mutumin kirki wanda yakan share mini ƙanƙara daga ƙofar gida idan ya ga na yi tafiya. Ya riƙe lasifika hannunsa yana rawa, ya ce shi ba shi da gona, ba shi da hannun jari, duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin gidansa, kuma idan darajar gidan ta faɗi to tsufansa ne ya shiga uku. Ban ga laifinsa ba, domin a ƙasar nan gida shi ne asusun mai matsakaicin ƙarfi: da shi ake cin bashin karatun yara a jami'a, shi ake sayarwa a biya kuɗin jinya idan girma ya zo, kuma daga harajin da ake ɗora wa gidaje ake samun kaso mai yawa na kuɗin tafiyar da makarantun gwamnati na yankin. Can kusa da ƙarshen taro wata mata ta miƙe sanye da kayan aikinta, ta ce tana kula da tsofaffi ne a wani gidan jinya da ke cikin unguwar, amma sai ta hau bas biyu kafin ta iso kullum da asuba, saboda albashinta ba zai kama ko ɗaki ɗaya a nan ba. Ba ta yi dogon jawabi ba ta zauna, zauren ya yi tsit na ɗan lokaci.

Tallafin da ake magana a kai iri biyu ne mafi shahara. Akwai wanda ake kira Sashe na 8, wanda ya samo asali daga dokar gidaje ta 1974, inda ake bai wa iyali takardar tallafi su nemi haya da kansu a kasuwa, su riƙa biyan kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu, gwamnati ta cike sauran. Akwai kuma tsarin da aka kafa a 1986, inda ake yafe wa masu zuba jari wani ɓangare na haraji idan suka gina gidaje suka ƙayyade kuɗin hayarsu domin masu ƙaramin ƙarfi. Duk da haka, a cikin kowane iyalai huɗu da suka cancanci taimakon haya daga gwamnatin tarayya, kusan ɗaya ne kawai yake samu.

Da na dawo gida sai na koma kan labarin garin Mount Laurel na jihar New Jersey, domin babu inda aka gwada wannan tsoro da ma'auni kamar can. Baƙaƙen fata sun zauna a garin kaka da kakanni tun yana ƙauyen manoma, sai ci gaba ya zo, aka shata dokokin gini da ba su yarda da komai ba sai manyan gidaje a manyan filaye, har ta kai wasu 'yan asalin wurin suna kwana a akurkin kaji da aka gyara aka mayar ɗaki. Wata malamar renon yara mai suna Ethel Lawrence da abokan gwagwarmayarta suka nemi izinin gina gidaje 36 kacal, aka hana su, kuma a 1970 magajin garin ya tsaya a cikin cocinsu ya gaya musu cewa idan ba za su iya da tsadar garin ba, to sai su tashi. Suka kai ƙara, Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a 1975, ta ƙara ƙarfafa shi a 1983, cewa babu garin da ke da ikon amfani da dokokin gini ya kulle talaka a waje, kuma dole kowane gari mai bunƙasa ya ɗauki nasa rabon na gidaje masu sauƙi. Ethel Lawrence ta rasu a 1994 ba ta ga ko tubali ɗaya ba. Sai a shekara ta 2000 aka fara tarewa a rukunin gidajen da aka sa wa sunanta, waɗanda daga baya suka kai 140, bayan tarurrukan jin ra'ayi da aka cika da irin kalaman da na ji a zauren makarantarmu: laifuka za su ƙaru, haraji zai hau, gidaje za su karye.

Masanin zamantakewa Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun bi diddigin abin da ya biyo baya, suka fitar da sakamakon a 2013. Sun kwatanta Mount Laurel da garuruwa maƙwabta masu kama da shi waɗanda ba a yi irin wannan gini a cikinsu ba, suka tarar babu bambanci a tafiyar farashin gidaje, ko yawan laifuka, ko haraji. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka zagaya ana tambayar maƙwabta, an samu da dama waɗanda ba su ma san cewa gidajen tallafi ne a kusa da su ba, saboda an gina su da fasali irin na sauran gidajen yankin, an tantance masu hayar, kuma akwai masu kula da wurin da ba sa wasa da gyara.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, don maƙwabcina ya cancanci a gaya masa gaskiya cikakkiya. Masana tattalin arziki Rebecca Diamond da Tim McQuade na Jami'ar Stanford sun yi nazarin cinikin gidaje masu ɗimbin yawa a kewayen gine-ginen da aka yi da rangwamen haraji, aka buga aikinsu a 2019. A unguwannin talakawa sun ga sabon ginin yana ɗaga farashin gidajen da ke dab da shi da kimanin kashi 6.5 cikin 100, amma a unguwannin masu hali waɗanda galibin mazaunansu fararen fata ne, farashin gidajen da ke cikin tazarar kusan mita 160 yana sauka da kimanin kashi 2.5. Wato gidan da ya kai dala 400,000 zai iya rasa dala 10,000, kuma wannan kuɗi ne na gaske ga wanda ke lissafin kwanakin ritayarsa. Wani nazari da George Galster da abokansa suka yi a gundumar Baltimore, wanda ya fito a 1999, ya nuna cewa idan masu takardar Sashe na 8 ƙalilan ne a warwatse cikin unguwa mai daraja, farashi bai faɗi ba, a wasu wuraren ma ya ɗan tashi, matsalar tana bayyana ne idan aka cunkusa su da yawa wuri guda a unguwar da dama can ta fara rauni.

Abin da na fahimta daga waɗannan duka shi ne, mai haya da kansa ba shi ne ke karya farashi ba. Yawan gidajen da aka jibge wuri ɗaya, da ingancin ginin, da halin mai gidan da ke karɓar kuɗin gwamnati ya ƙi gyara rufi ko yanke ciyawa, su ne suke aiki. Akwai kuma abin da ba a son faɗa a bainar jama'a: farashin gida ba wani abu ba ne illa abin da mai saye ya yarda ya biya, don haka idan ragin ya fi fitowa a unguwannin da kusan kowa fari ne, to wani ɓangare na abin da ake aunawa ƙyamar masu saye ce ga wasu irin maƙwabta. Ni da fatata baƙa ce, kuma matata tana sa hijabi, na san cewa da a wasu shekarun baya ne, tarewarmu a wannan layi ma da an lissafa ta cikin abubuwan da ke rage darajar gida. Wannan tunani ya hana ni barci a daren taron.

Sannan dole a ɗora ribar a ɗaya gefen sikeli. A 1994 gwamnatin tarayya ta fara wani gwaji a birane biyar, Baltimore da Boston da Chicago da Los Angeles da New York, inda aka yi ƙuri'a tsakanin iyalai kimanin 4,600 aka bai wa wasu tallafin komawa unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Raj Chetty da Nathaniel Hendren da Lawrence Katz sun bi yaran har suka girma, suka gano a 2016 cewa waɗanda suka yi ƙaura kafin su cika shekara 13 suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100. Idan aka ce in zaɓa tsakanin yiwuwar rasa kashi biyu da rabi na darajar gidana da wannan canji a rayuwar yaran da za su zauna aji ɗaya da 'ya'yana, na san inda zuciyata ta karkata, ko da yake ba ni da hurumin yanke wa dattijon nan hukunci a kan dukiyarsa.

Na taso a cikin birnin Kano, inda katangar attajiri take jingine da ta mai facin taya, yaransu suna zuwa makarantar allo ɗaya, kuma ranar suna ko rasuwa tabarma ɗaya ake shimfiɗawa. Ban taɓa jin wani ya ce maƙwabcinsa ya rage masa kuɗin gida ba. Amma na kuma ga yadda ma'aikatan Maitama da Asokoro, unguwannin masu hali a Abuja, suke fitowa daga Mararaba da Nyanya tun kafin alfijir, kuma matar da ta yi magana a zaurenmu su ta tuna mini.

Na rubuta wa majalisar ƙaramar hukuma cewa ina goyon bayan ginin, tare da roƙon kada ya wuce tsayin gidajen da ke kewaye, a ɗauki kamfanin kula da gidaje mai ofis a cikin harabar, kuma a ware kuɗin gyara tun daga farko a rubuce cikin yarjejeniya. Kafin in aika sai na kai wa maƙwabcina kwafi, ya sa tabarau ya karanta a tsaye a bakin ƙofarsa, ya ce har yanzu bai gamsu ba, amma in kawo masa alƙaluman Mount Laurel ya duba da kansa kafin zaman majalisa na gaba.