Ina alamar daidaito take zaune?

Makon jiya wata ɗalibata ta kawo min littafinta, ta nuna min layi ɗaya: p ≡ q ≡ r, inda p, q da r maganganu ne da kowacce gaskiya ce ko ƙarya, alamar ≡ kuma tana nufin "daidai da". Ta ce, "Malam, ai wannan cewa yake duka ukun ɗaya ne." Na ce ta sa ƙarya a gurbin p, ƙarya a gurbin q, gaskiya a gurbin r. Ta lissafa: ƙarya da ƙarya sun yi daidai, wannan ya ba da gaskiya, gaskiya da gaskiya kuma sun yi daidai. Layin ya fito gaskiya, alhali ukun ba ɗaya ba ne. Ta ɗago kai tana kallona.

Ba laifinta ba ne. Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna kusan ɗaya, wato manɗiƙin daidaito (manɗiƙi shi ne ilimin kafa hujja), kuma abin yana damuna.

A aljebrar da ta samo asali daga aikin masanin lissafi George Boole na 1847, da kuma tsarin da wani masanin lissafin, Garrett Birkhoff, ya shimfiɗa a 1935, alamar = alƙali ce. Tana zaune a waje, tsakanin ɓangarori biyu, ta yanke hukunci sau ɗaya. Ba a cusa wani daidaiton a cikin wani. Duk abin da za ka tabbatar siffarsa ɗaya ce: hagu daidai yake da dama. Shi ya sa idan mai lissafi ya rubuta a = b = c, gajarce zance kawai ya yi: a daidai da b, b kuma daidai da c.

Abin da masana kimiyyar kwamfuta Dijkstra da Scholten suka yi a 1990, wanda Gries da Schneider na jami'ar Cornell suka mayar da shi darasin aji a 1993, wani abu ne daban. Sun sauko da alƙalin daga kujera, suka sa shi cikin masu ƙara. Alamar ≡ ta zama mahaɗi kamar "da" ko "ko", tana karɓar magana biyu ta haifi ta uku, wadda ita ma za a iya sake haɗawa. Kuma duk inda ka sa alamar baka, wato ( ), a jerin, amsa ba ta canzawa.

Nan ne zaƙin yake. Dubi wannan ƙa'ida da suke kira ta zinariya, inda ∧ ke nufin "da", ∨ kuma "ko": p ∧ q ≡ p ≡ q ≡ p ∨ q. Yanka bayan ɓangaren farko, ka samu ma'anar "da" ba tare da ka ƙirƙiro komai ba. Yanka a tsakiya, tana cewa p ∧ q daidai yake da p idan, kuma sai idan, p ∨ q daidai yake da q. Juya ɓangarorin, tana cewa p da q ɗaya ne daidai lokacin da "da" ɗinsu da "ko" ɗinsu suka haɗu. Layi ɗaya, karatu uku. Ranar da na fara ganin haka na daɗe ban rufe littafi ba.

Sai dai akwai farashi. Tunda yanzu magana guda, ba daidaito kaɗai ba, tana iya zama tabbatacciya, tsarin Gries da Schneider yana da dokar da Birkhoff bai buƙata ba: idan P ta tabbata, P ≡ Q ma ta tabbata, to Q ta tabbata.

Ɗalibar ta koma wurin zamanta ta gwada duka hanyoyi takwas na sa gaskiya ko ƙarya a gurbin p, q da r. Ta dawo da amsa: layin p ≡ q ≡ r gaskiya ne idan babu ƙarya ko ɗaya, ko kuma idan ƙaryar biyu ce.