Gwiwar ƙarfe a lambun Yuexiu

Mu 'yan kasuwar Arewa da ke zaune a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, garin da yawancinmu muka sani bai wuce tsakanin Xiaobei da Sanyuanli ba. Daga masauki sai kasuwa, daga kasuwa sai sito, a ƙirga kwalaye, a loda kwantena, ranar Juma'a a haɗu a masallaci, da dare a nemi inda wani ɗan'uwa ke tuƙa tuwo a can saman bene. Mutum sai ya yi shekaru a haka, Sinancin bakinsa bai wuce na ciniki ba: nawa ne, ya yi tsada, rage mini. Ni ma haka na zauna tun da na baro Kano na koma saya wa mutanen Kantin Kwari yadi da leshi ina tura musu. Ban san Basine ko ɗaya ba wanda ba kuɗi ne ya haɗa mu ba, sai da gwiwata ta dama ta ƙi.

Amosanin gaɓɓai ne, ya daɗe yana cina. Gidan da nake haya a lokacin irin tsofaffin benayen nan ne marasa lifta, ga yawon kasuwa wuni guda a kan siminti. Wajen watan Maris kuma garin yana da wani lokaci da danshi ke sauka har bango da tayil su riƙa tsattsafo da ruwa, to a lokacin gwiwar ba ta barina barci. Da likita ya ɗora hoton ƙashin a allo ya nuna mini, ko ni da ban yi karatun likita ba na gane. Guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye ta ɓangaren ciki, ƙashi na gogar ƙashi. Ya ce sai an sauya. 'Yan'uwa a gida wasu suka ce in tafi Indiya, wasu Masar, inda mutanenmu suka saba zuwa. Na duba na ga nan nake da takardar zama, nan sana'ata take, nan kuma za a ci gaba da duba ni bayan aiki, sai na tsaya.

Aikin kansa ba ya ɗaukar dogon lokaci. Ana kankare bakin ƙasusuwan da suka lalace, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa wata roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne washegari aka tashe ni tsaye, da madogari mai ƙafa huɗu a gabana. A asibitocin nan dangi ne ke jinyar mara lafiya, ko ka ɗauki mai jinya ka biya shi. Ɗan yayana da ke karatu a nan shi ya kwana da ni, shi ne kuma bakina da kunnena, Allah Ya yi masa albarka.

Daga nan sai gashin ƙashi. Duk wanda aka yi wa wannan aiki ya san makonnin farko ba wasa. Ana so gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasu zuwa digiri 90 da wuri, daga baya ta kai wajen 110 ko 120 domin hawa matakala da tashi daga kujera. Mai gashin tana aunawa da ma'auninta, kana gumi, ka koma gida ka ɗora ƙanƙara a kan kumburi. Na yi duk abin da aka ce. Ciwon da ya kawo ni ya tafi, awo ya yi kyau, na ajiye madogari na koma sanda. Amma akwai abin da ma'auni ba ya nunawa: ban yarda da ƙafar ba. In zan tsallaka titi, ga baburan lantarkin nan da ba ka jin ƙararsu sai sun zo dab da kai, sai in ji na daskare. Nauyina duka a kan hagu yake, har ƙugu ya fara ciwo. Mai gashin ta yi mini bayani cewa naman gaban cinya yana raunana sosai bayan aikin, kuma jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gaɓa take ba tare da ka duba ba su ma an taɓa su. Dole jiki ya sake koyo. Ita ce ta ce in gwada baduwanjin, wani motsa jiki na Sinawa mai motsi takwas da ake yi a lambuna, likita kuma ya amince da sharuɗɗa uku: kada in durƙusa ƙasa sosai, kada in murɗa jiki alhali tafin ƙafa na kafe a ƙasa, kuma gwiwa ta riƙa fuskantar inda yatsun ƙafa suka fuskanta.

Ban tafi nan take ba, saboda ina da tambaya a raina. Na san wannan motsa jiki yana da alaƙa da tsofaffin aƙidun Sinawa, ni kuma ba zan sayi lafiyar gwiwa da addinina ba. Ranar Juma'a a masallacin Xianxian, wanda ke da kabarin da Musulmin Sin ke jingina wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, na sa ɗan yayana ya tambayar mini wani dattijo ɗan ƙabilar Hui da muke yawan haɗuwa a sahu. Dattijon ya ce su Musulmin Sin sun daɗe da irin waɗannan wasanni, har suna da salon kansu. Ya ambaci Wang Ziping, Musulmi ne, shahararren gwanin wasan faɗa kuma maɗori, ya rasu a 1973. Ya ce ka je ka gani da idonka, in ka ga ana rusuna wa wani abu ka juyo. Na je na gani. Babu gunki, babu turare, babu addu'a. Numfashi ne da motsi. Bayanin da suke yi na wani ƙarfi da ke zagaya jiki na bar musu abinsu, na ɗauki abin da ya kawo ni.

Lambun Yuexiu yana maƙwabtaka da Xiaobei, ba a biyan kuɗin shiga, amma duk zamana ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Bayan sallar asuba, gari na fara wayewa, wurin ya riga ya cika da tsofaffi. Wasu na rawa da mafici, wasu da takobi, wasu na tafiya da baya suna tafa hannu, kowa da gorar shayinsa a rataye. Lambun yana da tuddai, can sama akwai hasumiyar Zhenhai da aka gina a 1380, amma ƙungiyar da na shiga a fili take taruwa kusa da ruwa. Shugabarsu wata dattijuwa ce 'yar ƙarama mai furfura, kowa na ce mata Laoshi, wato malama, ni ma haka nake kiranta. Da ta ga sandata da tabon da ke gwiwata, ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Ta ja ni bayan wani benci, ta ɗora hannuwana a kan majinginarsa, ta ce in raba ƙafafu daidai faɗin kafaɗa.

Ranar ba ta koya mini komai daga cikin motsin takwas ba. Abu ɗaya ta sa ni: in mayar da nauyina daga hagu zuwa dama sannu a hankali, kamar mai juye man gyaɗa daga kwalba zuwa kwalba ba ya so ɗigo ya zuba, in tsaya a kan daman in ja numfashi in sauke, sannan in dawo. Da na karkata kafaɗa don in yaudari ƙafar, sai ta taɓa ƙuguna da bakin maficinta. Da gwiwar ta faɗa ciki, sai ta taɓa gefenta. Cinyata na rawa, zufa na zuba a bayana, alhali wanda ya hango ni daga nesa zai ce tsaye kawai nake. A wurin gashi an koya mini ƙarfi da lanƙwasa, na kuma gode. A bayan bencin nan ne na fara jin ƙafar tana ɗauke da ni ba tare da na kalle ta ba.

Baduwanjin motsi takwas ne, sunansa ya bayyana a rubuce tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. A 2003 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta fitar da tsari ɗaya da ake bi yanzu a lambuna da makarantu, wanda ke ɗaukar minti 12 ko kusa da haka, da kiɗa mai sanyi da murya tana faɗin lokacin shaƙa da fitarwa. Ana farawa da haɗa yatsu a ɗaga hannuwa sama. Na biyu shi ne jan baka: ka buɗe ƙafafu, ka ɗan sauka, hannu ɗaya ya miƙe gefe ɗaya na jan tsirkiya. Su suna sauka har cinya ta kusa kwanciya, ni kuwa Laoshi ta ƙayyade mini ɗan kaɗan, in na wuce ta ɗaga yatsa. Na biyar, mai kaɗa kai da ƙugu a durƙushe, ta hana ni shi gaba ɗaya na tsawon lokaci, domin a nan murɗawar da likita ya hana take. Na ƙarshe shi na fi so: ka ɗaga dugadugai ka tsaya a kan yatsu, ka ɗan jira, ka sauke. Da farko da benci nake yi. Ranar da na saki bencin, wani tsoho da ke gefena, wanda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, ya ɗaga mini babban yatsa bai ce komai ba.

Daga baya na shiga taici, shi ma wani motsa jikin Sinawa ne da ake yi a hankali, salon nan mai motsi 24 da aka sauƙaƙa a 1956 don kowa ya iya. Shi akwai taku a ciki: diddige ya fara sauka babu nauyi, sannan nauyi ya bi shi a hankali, in za ka juya ka ɗaga yatsun ƙafa ka juya a kan diddige. Wannan takun ne ya gyara mini tafiya a titi. Ɗan yayana, da yake ɗan boko ne, ya nemo mini abin da masana suka gano. A 2016 an buga wani bincike na asibitin Tufts da ke Boston a Amurka, kan mutum 204 masu amosanin gwiwa da ba a yi wa aiki ba, aka ga masu taici sun samu sauƙi daidai da masu zuwa gashi bayan mako 12. Wani kuma na 2018 a jihar Oregon, kan tsofaffi 670, ya nuna masu taici sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari in an kwatanta da masu miƙe jiki kawai. Wannan na biyun ya fi damuna, domin faɗuwa babbar barazana ce ga mai gwiwar ƙarfe. Amma ina faɗa wa duk wanda ya tambaye ni: wannan ƙari ne a kan gashin asibiti, ba madadinsa ba. Wanda ya tsallake makonnin farko na lanƙwasa da miƙewa gwiwarsa ta sandare, babu lambun da zai warware masa ita.

Abin da ya fi yi mini nauyi a duk wannan al'amari salla ce. Sujada da zaman tahiya suna neman gwiwa ta naɗe fiye da yadda yawancin gwiwoyin ƙarfe ke kaiwa. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Na sani, na kuma yarda, amma ranar farko da na ja kujera zuwa ƙarshen sahu, mutane suka faɗi sujada ni ina zaune ina sunkuyar da kai, sai da hawaye suka zubo mini. Tun ina yaro goshina ke taɓa ƙasa. Har yau a kujera nake sujada, ban kuma tilasta wa ƙafar ba. Sai dai tsayuwa da ruku'u sun dawo mini cikakku. Azumin da ya wuce na tsaya tarawihi daga farko har ƙarshe, nauyina a raba daidai kan ƙafafu biyu, ba na leƙen inda zan dafa. Wannan daga Allah ne, sanadinsa kuma tsayuwar safiyar nan.

Ba zan ce zaman baƙar fata a garin nan ya zama daɗi zalla ba. Waɗanda muke nan a watan Afrilun 2020 ba mu manta yadda aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a lokacin korona ba, wasu suka kwana a titi. Har gobe akwai mai tasin da zai gan ka ya wuce. Amma yanzu akwai mutanen da in ban zo ba kwana biyu za su aiko saƙo a WeChat su ji ko lafiya. Sun gane ba na cin abincinsu na nama, sai suka koma kawo mini 'ya'yan itace da busasshiyar magaryar nan tasu ja manya. Da azumi suka daina miƙo mini shayi, wata ma ta riƙa ɓoye gorarta a bayanta in na matso, har na ce mata ta sha abinta. Tsohon nan mai babban yatsa shi ya raka ni wurin mai gidan da nake ciki yanzu, bene mai lifta, ya tsaya mini a matsayin wanda ya san ni. Sinancina ma ya fita daga kasuwa, ina iya tambayar jikoki da hawan jini.

Kwanan baya na ja wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai harkar kayan waya, wanda gwiwoyinsa biyu suka fi tawa ta da lalacewa. Ya daɗe yana cewa, "Malam, ni da girmana in je in yi rawa a gaban Sinawa?" Na ce, "Alhaji, zo dai ka zauna ka kalla." Laoshi ta dube shi yadda yake saukowa daga matakala a karkace, ta nuna masa benci, ta fara koya masa irin wanda ake yi a zaune, hannuwa da numfashi da miƙe ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Likitansa ya ce ƙarfin cinyar da ya tara kafin aiki zai taimake shi bayan aiki. An sa masa rana bayan baje kolin Canton na watan Oktoba, in ya gama sallamar baƙinsa, kuma mun yi da shi ni zan kwana da shi a asibiti.