Daga Bari zuwa Galipoli, inda zaitun ke mutuwa a tsaye

Jirgin ƙasan da na shiga a Bari, a kudancin Italiya, ya bi gaɓar teku ya miƙa kudu. Har muka wuce Monopoli da Ostuni ba abin da ido ke gani sai gonakin zaitun, wasu itatuwan sun shekara ɗaruruwa, mutum uku ba sa iya rungume gindinsu. Bayan Birindisi kore ya fara ja da baya. Tsakanin Lecce da Galipoli kuwa sai ƙirare a jere, toka-toka, babu ganye, ga su a tsaye amma rai ya fita.

A wannan yanki na Salento, kusa da Galipoli, aka tabbatar da bakteriyar Xylella fastidiosa a watan Oktoban 2013. Tana zama cikin jijiyoyin da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta yi ta hayayyafa har ta toshe su, itace ya mutu da ƙishirwa alhali ƙasa na da danshi. Mai yaɗa ta ɗan ƙwaro ne, Philaenus spumarius, wanda 'ya'yansa ke ɓuya cikin kumfa a jikin ciyawa. Wani dattijo da na tarar yana sare busassun rassa ya ce sai da ya ga reshe guda ya ƙone a sama sannan ya san akwai matsala. A lokacin kuwa aikin gama ya gama, don cutar kan daɗe a jikin itace, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta nuna.

Abin da ya kai ni ke nan: ganin yadda ake kama ta kafin ido ya gani. Na koma wajen Bari, wani ɗakin gwaje-gwaje, inda wata ma'aikaciya ta zagaya da ni. Renon wannan bakteriya a faranti wahala ne, tana cin makonni kafin ta fito, shi ya sa ake neman DNA ɗinta, wato ƙwayar halittarta, kai tsaye. Ana yanka tsinken ganye da ɓangaren reshe, a niƙa, a tace DNA, a zuba a ƙananan kwalabe tare da sinadaran da ba sa kama komai sai wani yanki na ƙwayar halittar Xylella. Na'urar PCR, mai ninka DNA, tana ɗumama su zuwa digiri 95 ta sauke, zagaye kusan 40, kowane zagaye yankin ya ninka. In bakteriyar na ciki, haske zai ƙaru, layi ya tashi a fuskar kwamfuta. Tashinsa da wuri na nufin tana da yawa. Akwai kuma LAMP, dabarar da aka fito da ita a Japan a 2000, wadda ke aiki a zafi ɗaya, wajen digiri 65, da na'urar da za a iya ɗauka zuwa gona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ma'aikaciyar kan ɗibar samfuri. Bakteriyar ba ta bazuwa daidai a jikin itace. Wannan reshe na ɗauke da ita, na kusa da shi lafiya lau. Don haka ake yanko daga kusurwa huɗu na itacen. In mai ɗiba ya yi ganganci, duk tsadar na'ura ƙarya za ta faɗa.

Sakamakon ba wasa ba ne. A wuraren da ake son kawar da cutar, dokar Tarayyar Turai ta 2020 ta ce a cire itacen da ya kamu da masu iya kamuwa a kewayen mita 50. A ce wa manomi ya sare itacen kakansa mai koren ganye saboda layi a kwamfuta, ban ga laifinsa ba in ya yi gardama, ko da yake na fi yarda da layin.

Gwajin kuma yana bambance iri. Na Salento shi ne irin da ake kira pauca, mai kashe zaitun. A 2024 aka samu wani irin daban a itatuwan almon a Triggiano, daf da Bari, irin da ke lalata inabi a Kalifoniya. Daga nan masu ɗibar samfuri suka shiga gonakin inabin yankin.