Kuɗin taki da na zuba a kan tsohon littafi

A kasuwar Gujungu na ci karo da shi wata ranar Lahadi, cikin tarkacen adakar wani tsohon hedimasta da magadansa suka fitar bayan rasuwarsa. Ruwan Bagaja ne na Abubakar Imam, takardunsa sun yi ja kamar an tsoma su a ruwan goro, gara kuma ta ɗan ci gefensa. Da na buɗe bayan shafin farko na ga an rubuta 1934, sai jikina ya ɗauki rawa, na ɗauka bugun farko ne, domin na san labarin ya samo asali ne daga gasar rubuta labaran Hausa da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba. Kuɗin akuyar da na sayar da safiyar nan don in sayi taki na ƙirga wa mutumin, ko tayi ban yi ba.

Bayan sallar isha'i na kai wa ƙanen mahaifina, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a firamare. Ya haska tocila, bai ko dubi shekarar da nake nuna masa ba, sai ya juya bangon baya.

"Ɗana, wa ya buga littafin nan?"

"Baba, ai ga shi, kamfanin NNPC na Zariya."

Ya ce wannan kamfanin ɗab'i, wanda wasu ke rikita sunansa da na man fetur, sai a 1966 aka kafa shi, kamfanin Gaskiya ma sai a 1945, saboda haka duk kwafin da ke ɗauke da ɗayan sunayen nan ba zai taɓa zama bugun farko ba. Sannan ya ɗora yatsa a kan farashin, inda harafin k yake zaune bayan lambar. Kwabon Naira ke nan, wadda ta fara aiki a 1973, alhali kwabon zamanin fam da sule da harafin d ake rubuta shi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, a ƙarƙashin 1934 ɗin nan da ta ruɗe ni akwai jerin shekarun da aka sake buga littafin, da ƙananan baƙaƙe, ta ƙarshensu kuwa ita ce shekarar kwafin da ke hannuna. Masu ɗab'i kan bar shekarar asali a kowane bugu. Jan takarda da cin gara kuwa ba shaida ba ne, domin damina kaɗan a ɗakin ƙasa ta isa ta tsofar da littafin jiya. Yanzu ba na sa hannu a aljihu sai na karanta shafin nan har ƙasa, na dubi sunan maɗaba'a da farashi.

Takin bana dai bashi na ci na saye shi, littafin kuma yara ne ke karanta shi a zaure.