Jinyar Baffana a Amurka da Lissafin Masu Gidan Jinya

Baffana ya yi shekaru masu yawa yana tuƙin tasi a birnin New York yana biyan haraji, don haka da ya cika shekara 65 ya shiga Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi da gwamnatin Amurka ta kafa a 1965. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, asibitin da aka kai shi ya yi aikinsa cikin gaggawa, sannan aka mayar da shi gidan jinya inda ake gashin ƙashi da sake koyar da tafiya da magana.

A can ne muka gane cewa yawan kwanakin da majinyaci zai yi ya dogara ne da tsarin biyan kuɗi fiye da yadda ya dogara da halin da jikinsa yake ciki. Medicare tana biyan kuɗin kwana 20 na farko gaba ɗaya, muddin an kwantar da mutum a asibiti na aƙalla kwana 3 tukuna. Daga rana ta 21 zuwa ta 100 majinyaci ne zai riƙa biyan wani kaso, wanda a 2024 ya kai dala 204 a kullum. Tun kafin ranar ta zo ofishin kuɗi ya fara kiranmu yana tambayar wanda zai biya, alhali likitan da sunansa yake jikin takardun Baffa da wuya a gan shi a ɗakin.

Kusan kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan gidaje a Amurka na 'yan kasuwa ne, kuma albashin ma'aikata shi ne babban abin da suke kashewa, don haka can ake fara tsuke bakin aljihu. Ban ga laifin masu jinyar ba, waɗanda yawancinsu mata ne baƙi 'yan Afirka da Karibiyan, domin mace ɗaya ce take zagaya ɗakuna da yawa da dare. Sai dai tsohon da ya danna ƙararrawa don a kai shi bayan gida, ya jira har ya gaji, ba ruwansa da wannan uzuri. Gashin ƙashin ma haka yake. Kafin watan Oktoba na 2019 Medicare tana biyan gidajen ne gwargwadon mintunan motsa jikin da aka yi wa majinyaci, sai aka riƙa cusa wa har waɗanda ba su da ƙarfi. Da aka canza tsarin, mintunan suka ragu, aka sallami ma'aikata, aka koma haɗa majinyata rukuni-rukuni. Abin da Baffa ya samu ke nan, shi da yake buƙatar a riƙe shi shi kaɗai ya koyi taka ƙafarsa ta dama.

Daga baya masu gidan jinyar suka ce mana jikinsa ya daina samun ci gaba, don haka Medicare za ta dakatar da biya. Wannan hujja ba ta da tushe, domin tun 2013, a sasancin shari'ar Jimmo da Sebelius, ƙarar da masu inshorar Medicare suka kai gwamnati, gwamnati ta amince cewa ba sharaɗi ba ne sai majinyaci yana samun sauƙi. Ya isa a ce yana buƙatar ƙwararru don kada jikinsa ya ƙara lalacewa. Doka kuma ta wajabta a ba iyali takardar sanarwa aƙalla kwana 2 kafin a yanke, tare da damar ɗaukaka ƙara. Mun ɗaukaka, aka ƙara masa lokaci.

Da kwanakin suka ƙare, zaɓi biyu ya rage: ko ya cinye ɗan abin da ya tara har ya cancanci Medicaid, inshorar marasa hali, ko mu dawo da shi gida. Muka dawo da shi, 'ya'yansa da ni muna karɓa-karɓa, ma'aikacin gashin ƙashi kuma yana zuwa gida.