Ƙauyen da Fadan Baba ya fito

Tun ina ƙarama Baba ke ba mu labarin wani Fada ɗan Ailan da ya koya masa karatu a Minna, mai hawa babur yana cin tuwo da hannu. Kullum ƙarshen labarin sai ya ce, "Daga Kiltegan ya zo." Na ɗauka wani babban birni ne. Sai da aikin jinya ya kawo ni Dablin na samu wata Asabar na je na gani da idona.

Ashe ƙauye ne ɗan mitsitsi a yammacin gundumar Wicklow, gonakin tumaki ta ko'ina, dutsen Keadeen a tsaye daga nesa. Tsaf-tsaf yake, a 1973 ma shi ya ci gasar tsabtar garuruwa ta ƙasar. Sunansa na asali Cill Téagáin, wato cocin Tegan, wanda ake cewa almajirin Waliyyi Patrick ne.

Cocin da na fara cin karo da shi a cikin gari na Angilika ne, St Peter's, alhali mafi yawan mutanen yankin 'yan Katolika ne. Wata dattijuwa da na tarar tana gyaran furanni a bakin kabari ta warware mini. A da, dokokin Ingila sun takura wa Katolika, ƙasa kuma tana hannun manyan iyalai irin na Hume, masu katafaren gidan Humewood. Har koyarwa an hana su, sai dai malami ya tara yara a rumbu ko bayan shinge a ɓoye. Ba a sassauta sosai ba sai 1829, makarantun firamare na gwamnati kuma suka fara a 1831. Jikina ya yi sanyi. Mutanen da kakanninsu suka yi karatu a ɓoye su ne suka ƙetare teku suka gina mana aji da allo.

Daga nan na taka zuwa High Park, wani gida a wajen ƙauyen, inda wani Fada, Monsinyo Patrick Whitney, ya kafa ƙungiyar mishan ta St Patrick ranar 17 ga Maris, 1932. Kalaba da Ogoja suka fara nufa, daga baya suka iso Minna. Yanzu tsofaffin Fada ne suka fi yawa a gidan, sun dawo hutawa.

A makabartarsu na fi daɗewa. Kaburbura a jere, iska mai sanyi tana kaɗa ciyawa, ina bi ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunaye. A layi na uku na same shi. Na durƙusa na share ganyen da ya rufe dutsen da gefen gyalena, sannan na kira Baba ta bidiyo na juya masa wayar.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya cire hularsa ya ce, "'Yata, matsa kusa in ga sunan da kyau."